Surukai a Shafin Jarida

Na sha jin ku, in kun taru da Sallah a nan Bacirawa, kuna ba 'ya'yanku labari wai babanku ya kayar da kakanku a jarida, har tsoho ya rasa ta cewa ya ajiye alƙalami. Nakan yi shiru, domin tsohuwa in ta fara gyara wa mutane zance ana cikin cin tuwo sai a ce rikicin tsufa ne ya motsa. Amma tunda rubutun tarihina da nake yi muku ya kawo ni kan wannan shekara, zan faɗe shi yadda ya faru. Da farko dai Baba, wato mahaifina, kakan naku, bai taɓa riƙe alƙalami ba, balle ya ajiye shi. Sannan a cikinku mutum ɗaya ne kawai yake wurin, wato babban yayanku, shi kuwa a lokacin babu abin da ya sani a duniya sai nono.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda ake ta cewa Turawa sun kusa tafiya. Ƙauyenmu yana gabas da Zakirai, gidaje a warwatse cikin gonaki, daga wannan gida ka ƙwala kira a amsa maka a wancan. Baba shi ne Sarkin Askan wannan yanki. Dogo ne siriri, hannunsa kullum ƙamshin sabulun salo yake yi, zabirarsa kuwa ba ta rabuwa da kafaɗarsa ko masallaci za shi. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke kaciya, shi ke cire wa jarirai beli, wato ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa. Mutum ne mai son magana, kuma sana'arsa ta ɓata shi, don wanda aka ɗora wa aska a wuya ba ya musu. Da siyasa ta shigo, sai ya bi jam'iyyar da ake kira ta talakawa. Ba lambar rigakafin agana da hukuma take yi ya ƙi ba, domin ya ga abin da agana take yi wa fuskar mutum. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda ya ga an zo yin lambar da bulala, mata suna gudu da goyo cikin dawa. Tun daga ranar ya ce duk abin da aka kawo wa talaka da bulala, ko zuma ce, shi ba ya ciki.

Babanku kuwa, wanda zan riƙa kira Malam kamar yadda na kira shi har ya koma ga Allah, shi ne malamin ɗakin shan magani na Zakirai. Kowace safiya zai sa farar taguwa ya hau kekensa ya tafi. Yana tare da jam'iyyar masu sarauta, kamar kowane ma'aikacin hukuma, sai dai wasu dole ce ta sa su, shi kuwa har zuciyarsa yake so. A gida mutum ne mai sanyi, in ka taka shi ma shi zai ba ka haƙuri. Shi ya koya mini karatun boko bayan aurenmu, da gawayi a jikin bango. Amma da zarar ya zauna gaban takarda sai ya zama wani mutum daban, wanda ban sani ba. Allah ya jiƙansa, alƙalami ya fi bakinsa kaifi nesa ba kusa ba.

Tsakanin gidan Malam da gidan Baba gona ɗaya ce tak. Yanzu dole in tsaya in yi muku bayani, ku da nake gani kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna musun ƙwallo. A zamaninmu suruki ba ya haɗa ido da uban matarsa. In Malam ya hango Baba a hanya, tun daga nesa zai sauka daga keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen hanya. Baba zai kau da kai yana kallon dawa, ya ce lafiya lau, madalla, a gai da gida. Shi ke nan, hira ta ƙare. Ba sa cin abinci wuri ɗaya, Baba bai taɓa aske kan Malam ba, kuma in wata magana ta taso, sai dai ta bi ta bakin Inna mahaifiyata ko ta bakina. Musu kuwa, ko a mafarki.

Wata rana Malam ya dawo da jini a gaban taguwarsa, ya zauna, na kawo abinci bai taɓa ba. Sai daga baya ya gaya mini an kawo masa jaririya daga wani ƙauye, wani wanzami ya cire mata beli jini ya ƙi tsayawa, ta cika a hannunsa. Ni na wanke taguwar nan, kuma har yau in na tuna ƙanƙantar tabon sai jikina ya yi sanyi. A makon nan ya rubuta wa jaridar Hausa wasiƙa. Da ya tsaya a kan jaririyar da babu wanda zai ga laifinsa. Amma sai ya zarce, ya ce wanzamai suna yanka 'ya'yan mutane da tsatsattsar aska, ya ce beli Allah ne ya halicce shi kuma bai yi kuskure ba, ya ƙara da cewa irin waɗannan mutane ne 'yan adawa suke tarawa suna cewa su za su riƙe ƙasa. Ya sa hannu da Mai Kishin Lafiya, Zakirai. Wai shi ya ɓoye sunansa ke nan, a garin da malamin asibiti ɗaya ne.

Jarida takan iso ranar kasuwa, a karanta ta a rumfar Tela Hudu, wanda shi ne magatakardan jam'iyyar su Baba a yankinmu. An ce ranar da wasiƙar ta fito, Baba yana gefen rumfar yana yi wa wani aski. Tela ya karanta da ƙarfi, kowa yana satar kallonsa. Baba bai ɗaga kai ba sai da ya gama, ya goge askar a tafin hannu, ya naɗe ta.

"Tela, kana da takarda?"

"Akwai, Sarkin Aska."

"To, rubuta. Ka ce daga Tsohon Wanzami."

Haka aka fara. Baba ya faɗa, Tela ya rubuta, a kai wasiƙa Kano, ta hau jirgin ƙasa, ta yi makonni kafin ta dawo a buge. Malam ya karanta, ya amsa, ita ma ta bi wannan doguwar hanya. Mutum biyu da hayaƙin girkin gidajensu yake haɗuwa a sama, sai maganarsu ta je ta zago rabin ƙasa kafin ta tsallaka gona ɗaya. Baba ya ce wanda ya zubar da jinin jaririyar nan ba wanzami ba ne, mai aska ne kawai, kuma kowace sana'a tana da irinsa, har da ta masu farar taguwa. Malam ya ce a nuna masa littafi ɗaya da ya ce beli yana kisa. Baba ya ce littattafan ai waɗanda za su tafi ne suka rubuta, shin in sun tafi za su bar mana su ne, ko kuwa za su bar mana yaransu su ci gaba da yi mana kallon dabbobi? Kafin a jima mutane daga wasu larduna suka shigo, malamin makaranta daga can, wani alaramma daga can, har wani likita ya sa baki. Zancen beli ya zama zancen wa zai mulki wa, da ko maganin asibiti na Bature ne ko na kowa. Ranar kasuwa rumfar Tela ta fi ta masu nama cika.

Duk wannan abu, in sun haɗu a hanya, Malam ya sauka ya durƙusa, Baba ya kalli dawa ya ce madalla. Baba yana aiko mana da sabuwar gyaɗa. Malam yana ba ni man shafawa in kai wa Inna saboda gwiwar Baba, Baba yana shafawa yana cewa ba ya aikin komai, in ya ƙare kuma Inna ta aiko a ƙaro. Ni a lokacin abin dariya yake ba ni, ban san kaina zai ƙare ba.

Ina da cikin fari. Da ya tsufa, aka zo ɗaukata zuwa gida goyon ciki, yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Da safen nan ina ɗaure kaya, Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Idan Allah ya sauke ki lafiya, kada a taɓa wuyan abin da kika haifa."

"To, ka gaya wa Baba mana."

"Kin san ba zan iya ba."

"Au, ni ce zan iya?"

Ya ci gaba da murza hularsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina ganin ina da gaskiya. Mutumin da ya iya yi wa Arewa kakaf magana ya kasa tsallaka gona, sai ya ɗora wa yarinya ƙarama abin da ya fi ƙarfinsa. Kuma ya san halin da mai ɗan fari take ciki. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka sai an tilasta mata take ɗaukarsa, tana yi kamar an dame ta. Ɗan fari na kakanni ne. Uwar da ta buɗe baki a kan ɗanta na fari, a gaban ubanta kuwa, an gama da ita, har jikokinta sai an yi musu gori. Abin da Malam ya roƙe ni ke nan, ya hau kekensa ya tafi aiki.

A gida Baba ya gano na iya karatu, sai ya daina dogara da Tela kaɗai. Da la'asar zai sa a shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya miƙo jarida, in zauna da ƙaton cikina ina karanta wa ubana maganganun mijina. Wata rana na zo wata kalma mai zafi na tsallake ta.

"Koma baya," in ji Baba. "Tela ya riga ya karanta mini da safe. So nake in ji ko da muryarki za ta fi daɗi."

Ba ta fi ba. A irin wannan zama ne ya ba ni labarin ƙanensa, wanda aka haifa ubansu yana fatauci, aka yi sakaci ba a cire masa ba, ya yi ta tari da amai har ya rasu kafin yaye. Baba ya yi imani beli ne ya sauko ya shaƙe shi, kuma ba wanda ya isa ya raba shi da wannan. Ya ce in buɗe baki, ya ce to ga ki, ni na cire miki da hannuna, me ya same ki? Gaskiya ne, babu abin da ya same ni. Sai na kwana da abu biyu a rai, ƙanen Baba da ban taɓa gani ba, da tabon jinin da na wanke. Kada ku ɗauka na san wanda yake da gaskiya. Wallahi ban sani ba, tsoro kawai nake ji ta kowane gefe.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Malam ya rubuta cewa a bar yaro ɗaya da belinsa a gani ko zai mutu. Nan take idon kowa ya dawo kan cikina. Mata masu zuwa gaishe ni sai su yi ta kallona suna murmushi. Tela kuwa ya aiko wa Baba cewa ranar sunan nan su ma suna da abin rubutawa.

Na haihu ana cirar gyaɗa, namiji. Ranar suna maza suka taru a ƙofar gida da sassafe, aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka yanka rago. Da hantsi Baba ya shigo tsakar gida, ya zauna a kan tabarma ya buɗe zabira. Mata sun cika gidan. Ina daga ɗaki ina hango shi ta gefen asabari, ya fito da askar aski ya ajiye, ya fito da ɗan katakon da ake danne harshe da shi, sannan ya fito da 'yar ƙaramar askar nan mai lanƙwasa. Inna ta shigo ta ɗauki yaron daga gefena ta fita da shi. Ban shirya komai ba, ban kuma san lokacin da na miƙe ba. Sai dai na ga kaina a tsaye a bakin ƙofa, na dafa bango.

"Baba, a yi masa aski kawai."

Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Inna ta juyo tana salati.

"Ke! Kin haukace ne? Koma ɗaki!"

"Aski kawai, Baba. Don Allah."

Baba bai kalle ni ba. Ya daɗe yana duban yaron a cinyarsa. Sannan ya jiƙa masa kai, ya aske shi a hankali, tsaf, yadda ya saba, ko kuka yaron bai yi ba. Ya mayar da katakon da ƙaramar askar cikin zabira, ya ɗaure, ya miƙa wa Inna jaririn.

"Ku mayar mata da ɗanta."

Ɗanta. A gaban mata duka. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ya daina shimfiɗa mini tabarma a zaure, in na gaishe shi ya amsa kamar yadda yake amsa wa Malam. Inna tana yi mini wankan jego tana faɗa, ruwan zafi a bayana, maganarta a kunnena, ban san wanda ya fi ƙuna ba. Mata suka sa mini suna marar kunya, kuma wasu sun tafi kabari ba su janye ba. Duk wannan na ɗauka. Abin da na kasa ɗauka shi ne wanda Malam ya yi. Da labari ya kai masa, maimakon ya gode wa Allah ya yi shiru, sai ya zauna ya rubuta cewa yau ga shi a gidan Tsohon Wanzami kansa an bar jariri da belinsa, don 'yar cikinsa ma ta gane gaskiya. Ni na tsaya a gaban ubana don ɗana, shi kuma ya ɗauke ni ya buga a jarida. Na yafe masa, amma sai da aka ɗau lokaci.

Wasiƙar ta fito kafin in yi arba'in, aka karanta ta a kasuwa, aka yi wa Baba dariya a bayan ido. A cikin makon nan kuma yaron ya fara tari. Ya ƙi kama nono, in ya sha ya dawo da shi, jikinsa ya yi zafi, kukansa ya zama siriri kamar na ɗan kyanwa. Ba wadda ta shigo ɗakin ba ta ce beli ne ya sauko ba. Wasu da tausayi suke faɗa, wasu kuwa ka ji daɗin a muryarsu. Inna ta daina faɗa, ta koma kuka, wannan ya fi tsorata ni. Baba yana jin tarin daga zaure, bai shigo ba, bai aiko ba.

Da gari ya waye ranar kasuwa, na ga yaron ya fi jiya laushi. Duk taurin kaina ya zube. Na naɗe shi a zane na fita zaure, Baba yana shirin tafiya kasuwa, na durƙusa a gabansa na miƙa masa.

"Baba, na tuba. Ka cire masa."

Ku tsaya ku duba abin da na miƙa masa. Da ya yanka yaron ya tashi, da ya gama da Malam har abada, Tela ya rubuta, a karanta a kowace kasuwa ta Arewa. Ga uwar da kanta ta kawo, ga shaidu a tsakar gida. Kuma ba yaudara zai yi ba, shi ya yarda da aikinsa. Ya karɓi yaron, ya fita da shi bakin zaure inda haske yake, ya danne harshen ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya buɗe zanen ya tsaya yana kallon ƙirjin, yadda fatar take lotsawa tsakanin haƙarƙari duk lokacin da ya ja numfashi.

"Ba beli ba ne," ya ce. "Ƙirji ne. Wannan ba aikina ba ne."

Ya ƙwala wa Inna kira ta kawo mini mayafi, ya kwance jaki da kansa. Mai jego ba ta fita, amma ba wanda ya hana. Ya ɗora ni da yaron, ya kama igiya, muka kama hanyar Zakirai tare da masu zuwa kasuwa, suna gaishe shi yana amsawa ba ya tsayawa. Akwai hanyar da take zagawa ta bayan gari. Baba bai bi ta ba, don ta fi nisa. Ta tsakiyar kasuwa muka ratsa, ta gaban rumfar Tela, inda mutanensa suke zaune cike. Na ga sun miƙe ɗaya bayan ɗaya. A ƙofar ɗakin shan magani ya sauke ni, ya karɓi yaron ya rungume a ƙirjinsa, zabirarsa a kafaɗa, ya shiga ɗakin hukumar da ya rantse ba zai taɓa takawa ba.

Malam yana ɗaure wa wani ƙafa. Da ya ɗago ya ga wanda ya shigo, sai ya saki bandejin, ya fara kokawar tuɓe takalmi zai durƙusa. Baba ya juyo gare ni.

"Ki gaya masa ya tashi, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba."

Ban samu na faɗa ba. Baba da kansa ya juya, ya kalli Malam ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure.

"Ƙirjinsa ne. Na duba wuyan, lafiya lau yake. Ka yi abin da ka iya."

Malam ya sa abin sauraronsa a ƙirjin yaron, ya saurara, ya ce haka ne. Ya dafa allura ya zuƙo magani, amma da ya zo yi sai hannunsa ya kama rawa. Mutumin da yake yi wa mutane allura tun safe har yamma, ya kasa tsayar da hannu a kan ɗansa. Baba ya zauna a benci, ya kwantar da yaron a cinyarsa yadda yake kwantar da jarirai in zai yi musu aiki, ya riƙe 'yar ƙafar da yatsu biyu, ko motsi ba ta yi.

"Bismillah," ya ce. "Na riƙe."

Malam ya yi. Yaron ya tsala ƙara, ƙarar da rabona da jin irinta tun kafin ciwon. Malam ya ce sai an yi ta maimaitawa kwanaki, zai riƙa zuwa gida safe da yamma. Baba ya ce ƙofa a buɗe take. Iyakar maganar da suka yi ke nan.

Muna fitowa muka tarar da Tela Hudu a tsaye, fuskarsa a murtuke.

"Sarkin Aska, ka watsa mana ƙasa a ido. Yanzu me zan rubuta?"

"Kada ka rubuta komai."

"Wasiƙarsa fa? Haka za a bar ta ba amsa?"

"Haka za a bar ta."

Haka kuwa aka bar ta, kuma daga nan kuka samo labarinku. Wasiƙar Malam ita ce ta ƙarshe da ta fito, masu karatu a nesa suka ce Tsohon Wanzami ya sha kaye. Mutanen jam'iyyarsa suka ce hukuma ta saye shi ta hannun surukinsa, suka daina kiransa taro, wasu suka koma aski wurin wani. Ranar da aka yi bikin tafiyar Turawa, wanda ya daɗe yana jira, yana gida, ba wanda ya zo ya tafi da shi. Wannan ya yi masa ciwo, na sani, domin mutum ne mai son jama'a. Kuma kada ku ce ya sauya ra'ayi. Ya ci gaba da cire wa 'ya'yan mutane beli har idonsa ya raunana, yana nan a kan cewa Malam bai san komai ba a kan wuya. Ku dai bai taɓa ko ɗayanku ba, sai aski. Malam kuma, don in yi masa adalci, bai ƙara rubuta wa jarida ko layi ɗaya ba, kuma duk wanda ya taya shi murnar nasara sai ya tashi ya bar wurin.

Yaron ya warke sannu a hankali. Amma a ranar ba mu san zai warke ba. A hanyar komawa rana ta take, Baba yana gaba da igiyar jaki, ni ina bisa ina sauraron numfashin da ke ƙirjina. Da muka shiga cikin gonaki babu kowa kusa, na yi ƙarfin hali.

"Baba, da ka cire ai da ba wanda zai ga laifinka. Ni na kawo maka shi."

Bai juyo ba.

"Na so in ga beli a wuyan nan. Allah ya sani na so. Shi ya sa na daɗe ina leƙawa."

Ya ja jakin ya kauce wa wani rami.

"Amma da aka sa mini shi a hannu, sai na ga bai kai nauyin zabirata ba. Wannan ba amsar wasiƙa ba ce, jikana ne."

Ya tsaya a gindin wata ɗorawa, ya cire rawaninsa, ya warware shi ya lulluɓa mana ni da yaron saboda rana. Sauran hanyar da hula kawai ya ƙarasa ta, har gida.